Ina ake aje mota da arha kusa da Muze a Yamai?

Abdu Ɗan Tawa: Assalamu alaikum mutanen zaure, barkanmu da shan ruwa. Shawara nike nema ga mutanen Yamai. In Allah ya kai mu, kwana biyu bayan salla zan taso daga Tawa da motata Hiyas da nike ɗaukar albasar Galmi. Akwai Inna, da maiɗakina, da ɗiya biyar, uku nawa, biyu na wana, Allah ya jiƙan shi. Asalin tafiyar ta Inna ce, za ta ga likita bisa ciwon gwiwa. Amma tun farkon azumi na yi ma yaran alkawari duk wanda ya kai azumi 10 zan kai shi Muze, gidan tarihi na ƙasa, ya ga zaki da dorina. Sunka kai, har ƙaramarsu ta yi 12. Abin da ke damuna wurin aje mota ne. Rabona da shiga tsakiyar gari da ita shekara 6 ke nan. Wancan karon na bar ta bakin gudron wajen Piti Marshe, na shiga sayayya, na fito ban iske ta ba. Sai a furiyar, inda hukuma ke kai motocin da anka ɗauke, na same ta, kuma abin da na biya ya cinye ribar tafiyar duka. To ina zan aje ta kusa da Muze, wurin da ba tsada, ba a ɗauke ta, kuma ba nesa? Inna ba ta iya tafiyar ƙasa mai yawa. Talaje za mu sauka, gidan ƙanen babana.

Sani mai taksi: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka yi sammako, ita ce amsar duka. Akwai ɗan fili gaban ƙofar Muze, da gefen hanyar da ta raba shi da cibiyar al'adu, wadda muke ce ma Faranko a da, yanzu aka sa mata sunan Mustafa Alasan. In ka iso kafin rana ta ɗaga za ka samu wuri har da inuwa. Ka bari sai ƙarfe 11 a makon salla, ko mai moto da ƙyar zai kutsa. Yaran da ke tsaron motoci a wurin ni dala 20 nake ba su. Taka babba ce, ka ba da 40 ka huta.

Nafisa: Ku gafarce ni, ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Maraɗi bara. Dala 20 don aje mota? Ai wannan ba arha ba ne.

Sani mai taksi: Hajiya ba dalar Amurka ba ce. Mu nan sefa 5 ita ce dala ɗaya. Dala 20 sefa 100 ke nan, dala 100 sefa 500, jika ɗaya kuwa sefa 1000.

Nafisa: To na gane, na gode. Har yanzu lissafin kasuwa yana ba ni wahala.

Laminu: Ni ina da ja a nan. Yaya Abdu, kar ka ba kowa ko dala ɗaya in bai nuna maka tike ba. Gefen gudron na waye? Na yaron da ya tsaya da tsumma a kafaɗa? Hanya ta kowa ce, da kuɗin jama'a aka shimfiɗa ta. Mu ne muke ɓata su. Yau ka ba da 20, gobe ya ce 40, ranar salla ya ce 100, in ka ƙi ya bi ka da ido har ka ji tsoron barin motarka. Wannan ba tsaro ba ne, tsoro ake sayar mana. Ranar da kowa ya daina biya za su watse.

Hajiya Mariyama: Laminu ɗana, ka taɓa tambayar yaron nan daga ina ya fito? Ni na zauna Piti Marshe, Habu Ganda yadda Zabarmawa ke faɗi, ina saida kayan miya har gobarar 2012 ta tashe mu. Yaran nan a gabana suke wuni. Yawancinsu 'yan ci-rani ne, wasu daga Zarmaganda, wasu daga Adar ɗin su Abdu ma, sun gama girbi sun zo neman abin da za su koma da shi kafin damina. Wani ya ɗauki tire yana tallar goro, wani ya tura baro, wani ya tsaya gadin mota. Wanda ya tsaya cikin ranar Yamai tun hantsi har la'asar idonsa bisa motarka, dala 20 ta yi masa yawa? Ai gara wannan da ya miƙa hannu yana bara.

Laminu: Hajiya ban ce ba sa shan wahala ba. Amma tausayi daban, haƙƙi daban. In sadaka ce a ce sadaka ce, in ba da in na ga dama. Abin da na ƙi shi ne a mayar da ita dole.

Sani mai taksi: Laminu kai moto gare ka, kana shiga da ita har ƙofar shago. Je ka tambayi kuɗin madubin Hiyas guda ɗaya wajen masu saida kayan mota na hannu, ka dawo mu yi lissafi da dala 40. Ni shekara 19 ina bisa sitiyari a garin nan. Sau ɗaya aka taɓa ɓalle mini fitilar baya, kuma ranar a wurin da babu kowa na aje, ina murna na samu na banza. Araha ba ta ado.

Zainabu: Bari in raba muku gardama kaɗan, don kullum ina aje mota a Filato wajen aiki. Abu biyu kuke haɗawa. Akwai wuraren da aka keɓe, da mai tsaro sananne, wani lokaci har da tike, wannan biya ne ba musu. Akwai kuma gefen hanya inda yaro ke tsayawa da kansa. A nan kuɗin da ka ba shi na ido ne kawai, ba ya mayar da wurin da aka hana ya zama halal. Wannan shi ne tarkon da baƙi ke faɗawa. Yaro ya yafito ka da hannu, ya ce aje nan Alhaji ba komai, kai kuma ka ɗauka tun da akwai mai tsaro an yarda. In masu ɗaukar mota sun zo shi ba ya iya hana su, gefe zai koma. Yaya Abdu, ina jin abin da ya same ka ke nan wancan karon.

Abdu Ɗan Tawa: Wallahi kamar kina wurin. Wani saurayi ne ya nuna mini, har ya taya ni ja da baya. Da na fito ba mota ba saurayi.

Zainabu: To ka gani. Don haka kafin ka kashe mota ka duba da idonka. In akwai allo mai da'ira shuɗiya da jan baki da jan layi a karkace, an hana ajiya. In layin biyu ne sun gicciye, ko tsayawa an hana. Kar ka aje bakin mahaɗar hanya, ko kusa da rampuwan, wato shataletale, ko ka tare ƙofar gidan wani. Mafi muhimmanci a wannan unguwar, ka nisanci katangar duk wani gidan gwamnati, banki, ko inda ka ga masu kaki a tsaye ko an jera shinge. Yankin nan cike yake da ma'aikatu, ga manyan otal, ga babban zauren taro na Fale de Kongire, ga hanyar gadar Kenedi. Babbar mota mai rufi da ba a san mai ita ba, a bar ta awa uku jikin irin wannan katanga, a halin da ƙasa ke ciki yanzu, ba maganar furiyar kaɗai za ka yi ba. Kuma takardunka su kasance a aljihunka ba cikin mota ba: farmi, kartigiris, asirans.

Mamman: Me zai hana ya shiga filin ɗaya daga cikin otal ɗin nan na kusa? Fili ne babba, da masu gadi, kuma ba a karɓar komai. Ya sayi lemo kwalba ɗaya ya fita.

Zainabu: A'a Mamman. Filin na baƙinsu ne, kuma ana bincike a ƙofa. Mutum da tsohuwa da yara biyar a mayar da shi baya gaban iyalinsa, ba daɗi. Ga shi daga can sai Inna ta taka, ta tsallaka gudron mai yawan motoci, abin da ake gudu ke nan.

Malam Haruna: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni malamin lakkol ne, kusan kowace shekara ina kai 'yan ajina Muze, don haka matsalar nan na san ta ta wajen babbar mota. Abin da nake so mu lura shi ne ba laifin yaran ba ne kuma ba laifin Abdu ba ne, wurin ne ba a yi shi don yawan motocin yau ba. An kafa gidan a 1959, tun kafin samun 'yancin kai, da ƙoƙarin Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 har 1974, kuma sunansa gidan ke ɗauke da shi yanzu. Darektan farko Pablo Toucet ne. Lokacin mutanen Yamai duka ba su wuce wajen dubu 30 ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya, yau kuwa Allah kaɗai ya san iyaka. Waɗanda suka zana wurin sun ba shi fili mai faɗi, wajen hekta 24, amma a ciki: rumfunan kayan tarihi, gidan namun daji, gidajen gargajiya, wurin masu sana'ar hannu, itatuwa. Mai zuwa a ƙasa suka yi wa tanadi, da mai keke. Daga baya gari ya zo ya kewaye shi ta ko'ina. Gadar Kenedi da aka buɗe a 1970 ita kaɗai ce ke haɗa mu da Harobanda, tsallaken kogi, har 2011 da aka yi ta biyu, don haka shekara 40 duk mai tsallaka kogi ta nan kusa yake bi. Ga kasuwa, ga babban asibiti ba nisa, ga ma'aikatu. An yi gadojin sama, an yi sabbin otal gabanin taron Tarayyar Afirka na 2019, hanyoyi sun yi kyau ba ƙarya, amma mota in ta gama gudu sai ta tsaya, kuma wurin tsayawar ne bai ƙaru daidai da su ba. Ni abin da ke ci mini rai, gidan da aka yi don ɗan talaka ya ga tarihin ƙasarsa, uba ya taso tun daga Tawa, tafiyar sama da kilomita 500, abin da ke hana shi barci shi ne inda zai aje mota.

Laminu: To Malam ai maganata ke nan. A keɓe fili, a sa farashi a rubuce, a ɗauki yaran nan aiki da riga da tike. Kowa ya san abin da zai biya, kuɗin ya shiga inda ya dace, su ma su samu albashi. Ban ƙi biya ba, rashin tsari na ƙi.

Malam Haruna: A nan muna tare. Sai dai Abdu jibi bayan salla zai zo, ba zai jira a keɓe fili ba.

Hajiya Mariyama: Kuma ka sani Laminu, ranar da aka sa riga da tike, ba wannan yaron na ƙauye za a ɗauka ba, mai hanya za a ɗauka. Na ga haka a kasuwa ba sau ɗaya ba. Ban ce kar a yi tsari ba, amma a tuna da waɗanda suke wurin tun farko.

Sani mai taksi: Alhaji Abdu, akwai wata hanyar, kuma ba don ina mai taksi nake faɗa ba. Ka bar Hiyas a Talaje cikin gida, ku hau taksi. Ku 8 ne, mota biyu ke nan, zuwa da dawowa. Kuɗin mutum ɗaya da aka sani shekara da shekaru dala 40 ne, yanzu ya danganta da nisa, kuma Talaje ba kusa ba ce, ga salla. In ka lissafa zai fi esans ɗinka da kuɗin mai tsaro nesa ba kusa ba. Abin da za ka saya da bambancin kwanciyar hankali ne: a sauke ku ƙofa, ba ruwanka da allo ko furiyar. Faba-faba, ƙaramar bas ta haya, ta fi arha amma ban ba ka shawararta da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba, hawa da sauka da matsi za su wahalar da ita.

Abdu Ɗan Tawa: Na yi wannan tunanin. Amma ka san tafiya da yara, ga kular ruwa, ga tuwon da maiɗakina za ta ɗauko, ga tabarma, ga kujerar Inna. Kuma gaskiya kuɗin da na ware na likita ne, ba na son in taɓa shi tun ba mu ga likitan ba.

Ali Baduku: Assalamu alaikum. Wani ne ya turo mini wannan magana ya ce ta shafe ni. Ni cikin Muze nake aiki, wajen masu sana'a, jakunkuna da takalma da filo na fata nake ɗinki, gadon babana ne, shi ma nan ya zauna. Yaya Abdu, ka zo da motarka, amma ka raba aikin biyu. Da farko ka tsaya daidai ƙofa minti biyu ka sauke Inna da maiɗakinka da yara da kaya duka. Su shiga, akwai inuwar itatuwa da wurin zama ba nisa da ƙofar. Sannan kai kaɗai ka tafi neman wuri. Kuskuren da nake gani kullum, maigida ya cika mota da iyali yana ta kewaya yana neman wuri mafi kusa saboda tsohuwa, zafi ya dame su, yara na kuka, sai ya gaji ya aje inda bai kamata ba. In kai kaɗai ne, ko ka yi nisan tafiyar minti 10 ba komai ba ne. Kuma da nisa kaɗan ma ya fi maka: lokacin fita, waɗanda suka manne ƙofa su ne ake tarewa ta baya da motoci da babura, sai an bi ana cigiyar mai mota cikin dubban mutane. Ka aje ta hancinta na kallon hanya, yadda za ka fita ba sai ka yi baya ba.

Na biyu, inuwa. Wannan watan rana na wuce 40 a ma'auni. Ka duba inda inuwar za ta koma da azahar, ba inda take da safe ba. Dogon yaron da ya rufe ka ƙarfe 9, ƙarfe 1 ya bar ka fili. Kar ka bar waya, ko abin kunna wuta mai gas, ko maganin Inna cikin mota. Kuma don Allah a ƙirga yara wajen sauka, kar a bar wanda ya yi barci a kujerar baya da cewa yanzu za a dawo.

Game da yaran tsaro, ni na san su da fuska, wasu da suna. Ba duka ne na kirki ba, ba kuma duka ne ɓata-gari ba. Yadda za ka gane: na wurin ba ya gudu ya tare ka tun daga nesa, yana da inda yake zama, masu shaguna da masu saida ruwa na kusa sun san shi. Ka gaishe shi, ka tambayi sunansa, ku yi ciniki tun kafin ka tafi, ka ce in na dawo zan ba ka. Kar ka biya duka tun farko.

Laminu: Wannan na ƙarshen na yarda da shi. In an yi ciniki tun farko ya zama aiki da lada, ba ƙwace ba.

Ali Baduku: Mu ma abin yana taɓa mu Laminu, ba ku masu zuwa kallo kaɗai ba. Da can Turawa 'yan yawon buɗe ido ne manyan masu sayen kayanmu, da maƙeran azurfa da masaƙa. Yanzu sun ja baya ƙwarai, da 'yan ƙasa muke ci. Hajiya za ta zo sayen jaka ko kyautar biki, ta kewaya sau biyu ba ta samu wuri ba, ta wuce abinta. Sai ta kira ni a waya in fito mata da kaya bakin hanya, ta zaɓa ta tagar mota. Wanda ya shigo ya zauna ya ga yadda ake jan zare a fata, shi ne ke sayen abu biyu maimakon ɗaya, kuma shi ne ba ya neman ragi na wulaƙanci.

Baba Ada: Ina ta karantawa jikata na taya ni rubutu. Ni ina saurayi a Zongo lokacin da aka kawo iccen Tenere cikin Muze, ƙarshen 1973, shekarar yunwa. Icce ne guda tilo a tsakiyar hamada, ana cewa sai ka yi wajen kilomita 400 ba ka ga wani ba, ayarin gishiri na Bilma suna yin alama da shi, ba mai karya reshensa. Babbar mota ce ta buge shi ya faɗi. Aka ɗauko gangar jikin aka yi masa rumfa. A ƙasa muka je kallo, mu da yawa, ba wanda ya yi zancen mota don ba mu da ita. Abdu ɗana, in ka je ka kai yaran wurinsa kafin zaki. Zaki za su gan shi ko ba ka ce ba, iccen ne za su wuce ba su san mene ne ba in babu mai faɗa musu. Kuma ka gaida mahaifiyarka, Allah ya ba ta lafiya. Ciwon gwiwa na san shi.

Malam Haruna: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abdu, ka haɗa da rumfar ƙasusuwan manyan dabbobin da, waɗanda aka tono a yankin Agadas, wajen Gadufawa. Akwai na wani ƙaton kada da ya rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce. 'Yan ajina a nan suke yin tsit. Ka fara da wuraren da ke nesa tun da sanyin safiya, ka bar na kusa da ƙofa sai ƙarshe.

Hajiya Mariyama: Kuma ka riƙe hannun ƙananan. Makon salla yaran Yamai duka can suke ɗunguma da sabbin kaya, wani lokaci ba ka ganin ƙasa. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa aljihun kowane yaro. In da hali ma ka bari sai kwana na huɗu ko na biyar, cunkoson ya ragu.

Abdu Ɗan Tawa: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ranar ganin likita ce ta ɗaure ni Hajiya, gobenta za mu juya, don haka sai dai kafin. Ga abin da na tsaida: mu kwana Talaje, mu fito da sassafe, in sauke su ƙofa kamar yadda Malam Ali ya ce, in nemi wuri ni kaɗai. In na dawo zan ba ku labari.

Abdu Ɗan Tawa: Assalamu alaikum. Alkawari kaya. Munka iso lafiya shekaranjiya da dare, ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso, jiya munka je Muze. Ban samu fita da wuri yadda na so ba, shirin yara biyar ba wasa ba ne, ƙarfe 9 ta wuce kafin mu iso, kuma gaban ƙofa ya riga ya cika. Na sauke su, ban ko kashe mota ba. Wani yaro ya sheƙo yana nuna mini wani wuri jikin wata doguwar katanga, ba mota ko ɗaya a wurin. Na tuna maganar Zainabu, na ce in wurin na da kyau me ya hana 'yan gari aje tasu? Na wuce. Can gaba cikin wata 'yar hanya na iske motoci jere ƙarƙashin dogon yaro, da wani saurayi zaune bisa benci kusa da mai shayi. Na yi sallama, na tambayi mai shayin ko ana ajewa nan, ya ce kullum. Da saurayin ya ji maganata ya ce daga Adar kake? Ashe ɗan wajen Keita ne. Munka yi ciniki dala 40. Tafiyar ƙasa zuwa ƙofa ba ta kai minti 10 ba.

Sai bayan azahar munka fito. Na iske ya samo kwali ya rufe mini gilashin gaba don inuwar ta kauce, kamar yadda Malam Ali ya faɗa. Na ba shi dala 60 da sauran tuwonmu. Laminu, na san za ka ce na ɓata shi, amma ban ji an tilasta mini ba.

Yaran sun ga zaki, sun ga dorina, sun ga ƙashin kadan nan. Baba Ada, na kai su wurin iccen na faɗa musu abin da ka faɗa, babban ɗan wana ya tsaya ya daɗe yana kallo. Inna kuwa bisa kujerarta ta zauna wajen gidajen gargajiya, ta ƙi tashi, tana nuna ma maiɗakina rumbu tana cewa irin na gidan kakanta ne. Malam Ali, na zo wajen dukawa na yi cigiya anka ce ka fita salla. Na sayi takalmi ga maƙwabcinka.

Laminu: Barka da zuwa Yaya Abdu. Ban ce ka yi laifi ba, kyauta ce ka yi da son ranka. Amma har yanzu ina nan bisa bakana: wanda ya fara nuna maka katangar nan, da ka bi shi da yanzu wani labari ake. Bai kamata baƙo ya dogara da sa'a da shawarar zaure ba kafin ya san inda aka yarda ya tsaya. Ko allo guda a kafa a rubuta.

Ali Baduku: Kash, na yi rashin ganinku. In za ku sake biyowa kafin ku koma ka tambayi rumfar dukawa ta biyu, akwai ɗan filo da zan ba Inna ta riƙa ɗora ƙafa.

Zainabu: Gobe ne likitan ko? Wajen asibiti ya fi na Muze matsi da safe, kuma ba ka san awa nawa za ku yi ba.

Abdu Ɗan Tawa: Gobe ne, ƙarfe 8 anka ce mu zo. Wannan karon mu uku ne kaɗai, ni da Inna da maiɗakina, yara na gida. Hiyas za ta kwana Talaje. Sani, in kana da hali ka zo ka ɗauke mu, in mun gama mu biya ta wajen Malam Ali. Zan aiko maka kwatancen gidan ta gefe.

Sani mai taksi: Ba damuwa Alhaji. Ƙarfe 7 saura kwata ina ƙofar gida, kafin hanyar filin jirgi ta cika. A ce ma Inna ta zauna gaba, kujerar tana ja baya, za ta samu miƙe ƙafa.